Dihe da Tunku: Darasi Kan Rabe-raben Halittu, Mazauninsu da Kiyaye Su

A yankin Kanem na ƙasar Cadi, arewa maso gabas da Tafkin Cadi, akwai waɗansu ƙananan tafkuna masu kanwa da ke kwance a tsakanin tuddan rairayi. Idan iska ta kaɗa, sai ta tara wani abu kore shar mai kauri a bakin ruwan, wanda baƙo zai ɗauka gansakuka ce kawai. Matan Kanembu kan kwashe shi a tukwane, su zuba a ƴan ramukan da suka haƙa cikin rairayi mai tsabta. Rairayin ya tsotse ruwan, rana ta busar da sauran, sannan a yayyanka shi gutsuttsura a kai kasuwa. Sunansa dihe, kuma da shi ake kaɗa miyar da ake cin tuwon gero. A cikin ciyayin da ke gefen irin waɗannan ruwaye, a wurare da dama na Afirka, akan yi kiciɓis da tunku yana farautar ɓeraye da ƙwaɗi, dabbar da duk mai kiwon kaji a ƙauye ya san ɓarnarta.

Dihe da tunku duka masu rai ne, amma da wuya a sami halittu biyu da suka yi nisa da juna kamarsu. Wannan nisa shi ne amfaninsu ga ɗalibin ilimin halittu, domin idan aka jera su wuri guda, ƙa'idojin da ake haddacewa a aji sai su fito fili.

Yadda masana suka rarraba su

Tsarin ba halittu suna biyu-biyu cikin harshen Latin ya kafu ne a hannun Carl Linnaeus, masani ɗan ƙasar Suwidin, a ƙarni na 18. Sunan farko na jinsi ne, na biyu kuma na nau'i. Daga nau'i ake hawa zuwa jinsi, dangi, rukuni, aji, reshe, masarauta, sannan daula, wadda ita ce mataki mafi faɗi. Ana iya kwatanta abin da yadda ake gane mutum ta gidansu, unguwarsu, garinsu, har zuwa ƙasarsu.

Neman gidan tunku ba shi da wahala sosai. Yana da ƙashin baya, yana da gashi, macen tana haihuwa ta shayar da ƴaƴanta nono, saboda haka yana cikin ajin Mammalia. Haƙoransa na yanka nama sun sa shi cikin rukunin Carnivora, danginsa kuwa shi ne Herpestidae, mai nau'i talatin da ƴan kai a Afirka da kudancin Asiya. Wanda za a fi dubawa a nan shi ne Herpestes ichneumon, wanda ake kira tunkun Masar, mai dogon jiki da gajerun ƙafafu da baƙin tukku a ƙarshen wutsiya. Nauyinsa kan kama daga kilo 2 zuwa 4.

Duk da haka, shi ma an sha sauya masa mazauni a littattafai. A shekarar 1758 Linnaeus ya sa shi cikin jinsin Viverra, wato tare da tunkun juda, kuma har cikin ƙarni na 20 littattafai da yawa suna haɗa su a dangi ɗaya. Abin sha'awa shi ne Bahaushe ma haka ya gani, tunda ya ara wa mai juda sunan tunku. Binciken ƙasusuwan kai da na sinadarin gado, wato DNA, ya raba su daga baya, ya kuma nuna cewa tunku ya fi kusa da kura da waɗansu maciya nama na tsibirin Madagaska. Rukunin Carnivora ya rabu gida biyu ne, ɓangaren kyanwa da ɓangaren kare. Tunku da kura da tunkun juda suna ɓangaren kyanwa. Bodari kuwa, wanda ƙirar jikinsa ta yi kama da ta tunku ƙwarai, yana can ɓangaren kare. Wannan ya isa ya nuna wa ɗalibi cewa kama da wane ba ta wane ba ce, kuma ido kaɗai ba ya yanke hukunci a wannan fanni.

Labarin dihe ya fi haka sarƙaƙiya. Idan aka ɗiga ruwansa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, za a ga waɗansu zarurruka korra masu shuɗi-shuɗi a nannaɗe kamar waya da aka murɗa a jikin sanda. Kaurin kowane zare bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba, kuma kowanne jerin ƙwayoyin halitta ne da suka haɗu kai da kai. Da yake suna da launin kore, suna kuma haɗa abincinsu da hasken rana, masanan farko sun lissafa su cikin tsirrai, suka kira su gansakuka mai launin shuɗi da kore. Sai da aka samu madubi mai aiki da lantarki a tsakiyar ƙarni na 20 aka leƙa cikin ƙwayar sosai, aka tabbatar ba ta da cibiya. A jikin tunku, da mutum, da itacen kuka, kowace ƙwayar halitta tana ajiye sinadarin gadonta cikin wani ɗaki mai tantani, shi ne cibiya. A ƙwayar dihe babu wannan ɗaki, sinadarin yana zube ne cikin ruwan ƙwayar, kamar yadda yake a sauran bakteriya. Don haka a shekarun 1970 masana irin su Roger Stanier suka dage a kan a daina kiransu gansakuka, a kira su sayanobakteriya, wato bakteriya masu shuɗi.

A tsarin masarautu biyar da Robert Whittaker ya gabatar a 1969, wanda littattafan sakandare da dama ke bi, sayanobakteriya na cikin masarautar Monera, tunku kuma na cikin Animalia. A 1990 Carl Woese da abokan aikinsa suka kawo tsarin dauloli uku: Bacteria, Archaea da Eukarya. A wannan tsari tunku da naman kaza da gero duk suna daula ɗaya, dihe kuwa yana wata daban. Ma'ana, ta fuskar ginin ƙwayar halitta, tunku ya fi kusa da geron da ake tuƙa tuwo da shi fiye da yadda geron yake kusa da dihen da ke cikin miya. Malami zai yi kyau ya koya wa ɗalibai tsarin da manhajar jarrabawa ta tanada, amma ya sanar da su cewa masu bincike sun wuce nan.

Ko sunan dihe na kimiyya bai zauna wuri guda ba. A kasuwannin duniya ana sayar da shi da sunan sifirulina, masana sun daɗe suna kiransa Arthrospira, sannan a 2019 wani bincike ya ware nau'o'in da ake nomawa don ci, ya ba su sabon jinsi, Limnospira. Dalilin wannan yawan sauyi shi ne ma'anar nau'i ita kanta. A wajen dabbobi akan ce nau'i shi ne waɗanda za su iya barbara su haifi ƴaƴa masu haihuwa. Wannan ma'auni ya yi wa tunku daidai. Sayanobakteriya kuwa ba su da mace ba su da namiji. Ƙwaya tana rabuwa biyu ne, zaren ya tsinke, kowane guntu ya ci gaba da girma. Dole sai an koma ga kwatanta sinadarin gado, kuma duk lokacin da na'urorin awo suka inganta, sai iyakokin su motsa.

Akwai wata alaƙa kuma da ba a ganinta a jadawalin rabe-rabe. Sayanobakteriya su ne suka fara irin haɗa abincin da ke fasa ruwa ya saki iskar oksijin. Kimanin shekaru biliyan 2.4 da suka wuce, oksijin ɗin da suke fitarwa ya fara taruwa a sararin samaniya, wanda kafin nan kusan babu shi. Haka nan ƴan korran jikunan da ke cikin ganyen kowane tsiro, inda ake haɗa abinci, masana sun tabbatar asalinsu sayanobakteriya ne da wata ƙwaya ta haɗiye a zamanin da, suka zauna a cikinta. Lynn Margulis ce ta farfaɗo da wannan ra'ayi a 1967, aka yi ta musu da ita, har binciken DNA ya gaskata ta. Numfashin da tunku ke yi, da ciyawar da ɓeran da ya ci ya ci, duk suna komawa ga aikin waɗannan ƙananan halittu.

Inda kowanne ke zaune

Mazaunin dihe ƙuntatacce ne, kuma ƙuncin shi ne garkuwarsa. Yana son ruwa mai ɗumi, wajen digiri 35 a ma'aunin Salsiyas, mai yawan kanwa, wanda ma'aunin pH nasa ke tsakanin 9 da 11. Ruwan sha na yau da kullum yana wajen 7 ne. A irin wannan ruwa mai kaifin kanwa yawancin halittu ba sa iya rayuwa, don haka dihe kan mamaye tafkin kusan shi kaɗai. Wannan ne ya sa matan Kanem ke iya kwasarsa da tukunya su sami abu kusan iri ɗaya, ba gauraye ba. Cikin ƙwayoyinsa akwai ƴan jakunkunan iska da ke sa shi tasowa saman ruwa inda haske yake.

Turawa sun fara jin labarinsa ne a 1940, lokacin da masanin tsirrai Pierre Dangeard na Faransa ya bincika wani guntu da aka samo daga kasuwar Masakori. Ba a kula da rahoton sosai ba sai a tsakiyar shekarun 1960, da Jean Léonard ɗan ƙasar Beljiyam ya gan shi a kasuwar Fort-Lamy, wato Injamena ta yau. Awon da ya biyo baya ya nuna cewa kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na busasshensa furotin ne, ga kuma sinadarin ƙarfe. Ya kamata a lura cewa abin da littattafai ke kira ganowa, mutanen Kanem sun riga sun san shi, suna ci suna sayarwa. Haka ma mutanen Aztek na ƙasar Meziko suna kwasar irinsa daga Tafkin Texcoco lokacin da Sifaniyawa suka iso a ƙarni na 16. A tafkunan kanwa na Gabashin Afirka kuwa, irin su Bogoria a Kenya da Natron a Tanzaniya, shi ne babban abincin ƙaramin tsuntsun filamingo, kuma daga sinadaran launi da ke cikinsa tsuntsun ke samun jan gashinsa.

Wannan nau'i ɗaya ke nan. Sayanobakteriya a dunƙule kusan babu inda ba sa zama: teku, maɓuɓɓugar ruwan zafi, ƙanƙarar Antatika, jikin duwatsu. A saurukan yankin Sahel, ciki har da yammacin Nijar inda aka yi nazarinsu, su ne ke saƙa wani siririn ɓawo mai duhu a fuskar ƙasa, wanda ke riƙe rairayi kada iska ta kwashe. Waɗansunsu, kamar Nostoc da Anabaena, suna kama naitirojin daga iska su mai da shi taki, aikin da dihe shi ba ya yi.

Tunkun Masar ba ya da zaɓe irin na dihe. Ana samunsa a yawancin Afirka, ban da tsakiyar hamada da ƙurmi mai duhu, har zuwa gabashin Bahar Rum da ƙasashen Sifen da Fotugal. Ya fi son wuri mai sarƙaƙiyar ciyawa kusa da ruwa. Yana cin ɓeraye, tsuntsaye, ƙwai, ƙadangaru, ƙwaɗi, ƙwari, da macizai. Shahararsa wajen faɗa da maciji tana da tushe: baya ga zafin nama da kaurin gashi, bincike a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa gurbin da dafin irin su gamsheƙa ke kamawa a tsokar dabba, a jikin tunku ya ɗan sauya siffa, dafin ba ya kama shi da kyau. Wannan kariya ce daga wani nau'in dafi, ba daga kowane sara ba.

Batun kiyayewa

Ƙungiyar Kiyaye Halittu ta Duniya, IUCN, tana da wani kundi da ta fara a 1964, inda take auna haɗarin ƙarewar kowane nau'i. Tunkun Masar yana matakin da ba a damu da shi ba, saboda yawansa da faɗin mazauninsa. Ɗan uwansa tunkun Laberiya, Liberiictis kuhni, yana matakin masu rauni. Sai a 1958 masana suka bayyana shi daga ƙoƙunan kai, ba su kuma sami mai rai ba sai a 1989. Yana zaune ne cikin ƙurmin Laberiya da Kwaddebuwa, yana tonon tana a ƙasa mai laima, kuma saran daji da farauta na cinye mazauninsa. Dangi ɗaya, amma wanda ke cin komai ya wadata, wanda ya dogara ga wuri ɗaya da abinci ɗaya yana cikin haɗari.

Babban darasin kiyayewa da tunku ya bayar, ya bayar da shi ne a matsayin maɓarnaci. A 1872 wani mai gonar rake a Jamaika, W. B. Espeut, ya shigo da ƙananan tunkunan Indiya guda tara don su kashe masa ɓerayen da ke cin rake. Da farko abin ya yi kamar ya ci, har aka ɗebi zuriyarsu zuwa wasu tsibirai, aka kai Hawai a 1883. Abin da ba a yi la'akari da shi ba shi ne wannan tunku da rana yake farauta, ɓera kuwa da dare yake fita, yana kuma iya hawa bishiya. Tunkun sai ya juya kan abin da ya fi sauƙi: ƙwan tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa, ƙwan kunkurun teku, ƙadangaru. Halittun tsibiri ba su taɓa sanin maƙiyi irinsa ba, ba su da dabarar kare kai. Babban ƙadangaren Jamaika ya yi ƙaranci har aka ɗauka ya ƙare, sai a 1990 aka sake ganin ragowarsa a tuddan Hellshire. A wasu tsibiran Karibiyan tunkun ya zama mai yaɗa ciwon haukan kare.

Duk da wannan tarihi, an maimaita kuskuren. A 1979 aka saki tunku kimanin 30 a tsibirin Amami na ƙasar Japan don su rage wani maciji mai dafi da ake kira habu. Shi ma habu da dare yake yawo. Tunkunan suka bar shi, suka koma cin wani baƙin zomo da babu irinsa a ko'ina sai a tsibirai biyu na wannan yanki. Wajen shekarar 2000 an ƙiyasta yawansu ya kai 10,000. Gwamnati ta shiga aikin kawar da su da tarkuna da karnukan farauta, aka kama kimanin 32,000, na ƙarshe a 2018, sannan a watan Satumba na 2024 aka sanar cewa tsibirin ya rabu da su. Sakin dabba talatin aikin yini ɗaya ne, kwashe zuriyarsu ya ci fiye da shekara ashirin.

Kundin IUCN bai saba lissafa bakteriya ba, kuma dalilin a bayyane yake. Ba a iya ƙirga su ɗaya-ɗaya, iyakar nau'insu ba ta da tabbas, kuma ɗigon ruwa guda na iya ɗauke da dubbai. Wannan ba ya nufin babu abin kiyayewa. Abin da ake kiyayewa a nan shi ne wurin. Tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ragu zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma bayan farin shekarun 1970 da 1980, ko da yake ya ɗan farfaɗo daga baya. Tafkunan dihe sun dogara ga ruwan ƙarƙashin ƙasa da ruwan sama. Idan suka ƙafe, ko rairayi ya binne su, ko ruwa mai daɗi ya yi yawa ya tsarma kanwar, nau'in ba zai ƙare a duniya ba, tunda ana nomansa a Amurka da Sin da Indiya, amma matan da ke ciyar da gidajensu da cinikinsa sun yi asara. A Gabashin Afirka ma, ƙaruwar ruwa a wasu tafkunan kanwa ta rage abincin filamingo, tsuntsayen suka yi ƙaura.

Kamar tunku, sayanobakteriya ma kan zama annoba idan mutum ya ɓata ma'auni. Takin zamani da ruwan sama ya wanko daga gonaki, da ƙazantar gari da ke kwarara cikin madatsar ruwa, suna ɗauke da naitirojin da fosfaras. Idan suka haɗu da zafi da ruwa mara gudu, sai waɗansu nau'o'i, musamman Microcystis, su yi ambaliya, ruwan ya koma kamar an zuba koren fenti. Wannan nau'i yana fitar da dafi mai lalata hanta. A 1996, a garin Caruaru na ƙasar Birazil, fiye da mutum 50 masu jinyar wankin ƙoda suka rasu bayan an yi amfani da ruwan da ke ɗauke da dafin. A 2014 an hana mutane kusan rabin miliyan a birnin Toledo na Amurka shan ruwan famfo na kwana uku. A 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a Botsuwana, hukumomin ƙasar kuma suka ɗora alhakin a kan dafin sayanobakteriya da ke cikin tafkunan da suke sha.

A nan ne rabe-raben halittu ke tashi daga haddar aji ya zama batun rai. Dihe abinci ne, Microcystis guba ne, kuma a ido dukansu koren abu ne a kan ruwa. Kanwar tafkunan Kanem ita ke rage haɗarin gauraya, kududdufin bayan gari kuwa ba shi da wannan kariya. Tafasa ruwan ba ya kashe dafin Microcystis, hasali ma yana fasa ƙwayoyin su saki abin da ke cikinsu.

Malamin da makarantarsa ke da madubin ƙara girma zai iya nuna wa ɗalibai yawancin wannan da idonsu. A ɗebo koren ruwan kududdufi a kwalba mai murfi, da safar hannu ko leda, a ɗiga a kan gilashi. Gansakuka ta ainihi, kamar Spirogyra, zarenta kauri gare shi, kuma ana ganin koren a tattare cikin wani ɗamara mai murɗe a cikin kowace ƙwaya. Zaren sayanobakteriya siriri ne, launinsa ya bazu ko'ina cikin ƙwayar ba tare da wani ɗaki ba, wasu ma kamar Oscillatoria za a ga suna lilo a hankali. Ɗalibai su zana abin da suka gani, su rubuta inda aka ɗebo ruwan, da ko akwai gona ko magudanar ƙazanta kusa. Idan ruwan kore ne mai kauri da wari, a gargaɗi masu shayar da dabbobi a wurin, kuma kowa ya wanke hannu da sabulu bayan an gama.